Na sayo inji, na tura yara bita, amma aiki ya koma gidan jiya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar masana'antar takalma da jakunkuna, da ma'aikata kusan ashirin. Bara na halarci wata bita inda aka nuna mana yadda ake tsara yanka don a rage ɓarnar fata, da yadda ake kama aibi tun kaya ba su kai ga ɗinki ba. Abin ya shige ni ƙwarai. Na sayo injin yanka da ƙarafunansa, na tura matasa biyu masu ƙoƙari cikin yarana suka yi kwana uku suna koyo. Watan farko an ɗan taɓa, daga nan kowa ya koma kan wuƙarsa da kwalinsa, injin yana gefe a lulluɓe. Manyan masu yankan sun ce yana ɓata lokaci, kuma ba ya rage komai. Kuɗin dozin nake biyan su kamar yadda kowa ke yi. Shin taurin kai ne, in sallame su in kawo sababbi? In kuma na kashe kuɗi na koya wa mutum ya tafi ya buɗe nasa fa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kafin komai, kada ka sallami kowa tukuna. In ka kawo sababbin hannu ka ɗora su a kan tsarin da ke nan, ba za a yi wata uku ba ka sake lulluɓe injin, ga shi kuma ka rasa mutanen da suka san fata. Abin da ya same ka ya sami kamfanonin da suka ninka naka sau dubu, kuma masana sun bi diddiginsa har sun ga inda gizo ke saƙar. Rabin amsar ma kai ka faɗe ta da bakinka, a inda ka ce kuɗin dozin kake biya. Duk sabon ilimin da zai shiga masana'anta akwai wanda zai ɗauki nauyin shigarsa, da lokacinsa ko aljihunsa ko girmansa, kuma sau da yawa ba shi zai ci ribar ba. Muddin ba ka gano wannan mutumin ka sauke masa nauyin ba, ilimin a bakin ƙofa zai tsaya.

Bari in fara da wani gari a Pakistan mai suna Sialkot, don sana'arsu 'yar'uwar taka ce. A can ake ɗinka kaso mai tsoka na ƙwallon ƙafar duniya, musamman ɗinkin hannu. Ƙwallon da muka saba gani gunduwa 32 ce, 20 masu kusurwa shida da 12 masu kusurwa biyar, ana yanko su daga shimfiɗar fatar roba da ƙarfen yanka a ƙarƙashin inji mai dannawa. Fatar roban nan ita ta fi cin kuɗi, kusan rabin abin da ake kashewa a kan ƙwallo ɗaya. Masu kusurwa shida suna zama jikin juna ba giɓi, amma masu kusurwa biyar ko yaya ka juya su sai an bar guntaye. Wasu masana tattalin arziki, cikinsu har da David Atkin da Eric Verhoogen da abokan aikinsu na Lahore, suka fito da sabon tsarin jerawa da sabon ƙarfe mai fitar da ƙarin gunduwa daga shimfiɗa ɗaya. Ragin da yake kawowa bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 na kuɗin haɗa ƙwallo ba, amma a sana'ar da ribarta siririya ce, wannan kuɗi ne da ba mai hankalin da zai bari a ƙasa.

A 2012 suka raba ƙarfen kyauta, da zanen tsarin, ga masana'antu 35 cikin 135 da suka ƙidaya a garin, aka kuma nuna musu yadda ake aiki da shi. Bayan wata 15, waɗanda suka ɗauka ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Kuma ba don ƙarfen ba ya aiki ba ne. Ɗaya daga cikin manyan kamfanonin garin, wanda ba a ma ba shi ba, ya ji labari ya sa aka ƙera masa nasa, ya koma yanka da shi.

Da aka zauna da masu masana'antun, amsar da ta fi fitowa ita ce ma'aikata ba su ba da haɗin kai ba, wasu kuma masu yankansu sun gaya musu ƙarfen ba ya aiki. To masu yankan nan, da masu buga tambari a kan gunduwoyin, aikin jinga suke yi: iya abin da ka fitar, iya kuɗinka. Ko sun ɓarnatar da fata ko sun tattala, kuɗinsu ɗaya. Sabon ƙarfen kuwa yana rage musu sauri, aƙalla kafin hannu ya saba. Ribar tana tafiya aljihun maigida, asarar tana sauka a kan mai yanka, kuma maigidan bai san aikin yanka kamar yaronsa ba, dole abin da aka gaya masa zai ɗauka.

Sai masanan suka sake wani gwaji a cikin masana'antun da aka ba ƙarfen. Suka ce wa mai yanka ɗaya da mai buga tambari ɗaya a masana'anta: ga kyautar kuɗi, kimanin abin da kake samu a wata, in ka nuna ka iya aiki da sabon ƙarfen a gaban maigidanka. Ga ma'aikaci kuɗi ne mai auki, ga kamfani bai taka kara ya karya ba. Wannan ɗan abin ya sa masana'antu da dama da suka ajiye ƙarfen suka ɗauke shi. Ina so ka kula da sharaɗin nan na "a gaban maigida", don yana da nauyi daidai da kuɗin. Kuɗin ya rufe asarar lokacin koyo, nunin kuma ya sa maigida ya gani da idonsa, har ba sauran wanda zai ce masa abin ba ya aiki.

Yanzu zauna a mazaunin babban mai yankanka ka yi lissafin da yake yi. A ce da wuƙa yana fitar da dozin goma a yini, hannunsa ya shekara da shekaru a kai. Da inji, a makonnin farko, sai ya tsaya ya jera ƙarfe, ya duba, ya gyara, a ce ya fitar da bakwai. Kai ka tsira da fata, shi kuma ya koma gida da kuɗin dozin uku a ƙasa, kullum, ga cefane ga kuɗin makaranta ba sa jira. Ba wanda ya ce masa za a cike masa giɓin, ba wanda ya ce masa in saurinsa ya ƙaru nan gaba ba za a zaftare kuɗin dozin ba. Da ya ce maka injin yana ɓata lokaci, gaskiya ya faɗa, lokacinsa yake ɓatawa. Ni ban kira wannan taurin kai ba. Mutum ne mai iyali ya yi lissafi daidai, a kan ƙa'idar biyan da kai ka shimfiɗa.

Gyaran wannan ɓangaren ba shi da wuya, kuma ya fi kuɗin injin sauƙi nesa ba kusa ba. Duba abin da mai yankan ya riƙa samu a mako cikin watanni ukun da suka wuce, ka lamunce masa wannan adadin na mako shida ko takwas, ko ya fitar da yawa ko kaɗan, da sharaɗin a kan inji zai yi aikin da aka ware wa inji. Ka faɗa masa a gaban mutane cewa kuɗin dozin ba zai sauka ba don sauri ya ƙaru, kuma ka cika. Bayan lokacin koyo, ka ba shi rabo a cikin fatar da aka tsirar, yadda kowace ƙafa ko yadin da bai tafi shara ba zai ji shi a aljihunsa. Sai dai ka ɗaure rabon da ingancin kaya. In tattalin fata kaɗai ka saka wa lada, za ka ga an fara cusa gefen ciki mai laushi da wurin tabo a fuskar takalmi, abin da aka tsirar a teburin yanka ya dawo maka daga kasuwa.

Kuɗi dai rabi ne. Ɗaya rabin yana cikin waɗanda ka tura bita. Ka zaɓi matasa biyu, na san dalili, su suka fi saurin ɗauka kuma tafiyarsu ba ta tsayar da aiki. Amma dubi abin da ka nema daga gare su bayan sun dawo: yaro ya tsaya a kan wanda ya koya masa riƙon wuƙa ya ce masa ba haka ake yi ba. A tarbiyyarmu yaron kirki ba zai yi ba, in ma ya yi babban ba zai karɓa ba, don karɓar tana nufin girmansa ya zube a gaban na ƙasa da shi. Wannan nauyi ne na gaske, kuma masu shirya bita ba su cika sa shi a lissafi ba. Babban mai yanka shi ya kamata ya fara sanin injin, shi kaɗai ko da mai koyarwa daga waje, a lokacin da ba idon yara, ya yi kurakuransa a rufe. In ya fito ya zama shi ne malamin injin, matasan biyu mataimakansa, to ƙaruwa girmansa ya yi, kuma da kansa zai tsare sabon tsarin.

Sannan kwana uku. A kwana uku ana iya jin bayani a fahimta, amma hannu ba ya koyo a kwana uku. Mafi yawan abin da gwani ya sani ba ya iya faɗarsa, sai ka tsaya kusa da shi kana yi yana gyara maka. Ƙasar Bangaladash a yau tana sahun gaba a duniya wajen fitar da tufafin ɗinki, kuma in aka bi salsalar abin ana komawa ga kamfani ɗaya, Desh, na Noorul Quader. A 1979 ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu, aka kwashi ma'aikata 130 aka kai su masana'antar Daewoo da ke Busan, suka yi kusan wata shida a cikin aiki na gaske, daga yanka da ɗinki har tsara layi da duba inganci da hulɗa da mai saye na ƙasar waje. Ba na cewa ka tura kowa Koriya. Ina cewa ka nemo masana'antar da irin injinka ke aiki kullum, ka roƙi arziki mutuminka ya yi mako biyu ko uku a cikinta, ko ka biya wanda ya iya ya zo ya zauna a taka yana yanka odarku ta gaske tare da su.

Akwai labarin da nake so duk mai masana'anta ya sani, don ya amsa tambayarka ta sallama kai tsaye. Kamfanin motoci na General Motors yana da masana'anta a Fremont, jihar Kalifoniya ta Amurka, wadda ta yi ƙaurin suna. Fashin zuwa aiki yana kai kashi 20 cikin 100, yajin aiki ba iyaka, ana shaye-shaye a bakin aiki, motocin da ke fitowa suna cikin mafi muni a kamfanin. A 1982 aka rufe ta, kuma kowa ya yarda laifin ma'aikata ne. A 1984 General Motors da Toyota suka sake buɗe ta da haɗin gwiwa da sunan NUMMI, Toyota ke tafiyar da aiki. Kusan kashi 85 cikin 100 na ma'aikatan da aka ɗauka tsofaffin nan ne da aka ce ba sa gyaruwa, har da shugabannin ƙungiyar ƙwadagonsu. Aka riƙa kwasar ɗaruruwansu rukuni-rukuni zuwa masana'antar Toyota ta Takaoka a Japan, kowane ya yi makonni a kan layi kafaɗa da kafaɗa da ma'aikacin Japan, sannan masu koyarwa daga Japan suka biyo su Fremont suka zauna da su. Cikin ɗan lokaci ingancin motocin ya shiga sahun gaba a duk General Motors, fashin aiki ya sauko ƙasa da kashi 5. Ginin bai canja ba, mutanen ma mafi yawa su ne.

Abin da ya canja shi ne abin da ke faruwa da ma'aikaci idan ya ga matsala. A da doka ita ce layi ba ya tsayawa. Ka ga an ɗaura abu a karkace, ka bar shi ya wuce, a gyara a ƙarshe in an gano. A tsarin Toyota akwai igiya a saman kowane wurin aiki, wanda duk ya ga aibi ko ya kasa gama nasa a kan lokaci sai ya ja, shugaban rukuninsa ya zo da gudu ya taimaka, in ba a warware ba layi ya tsaya. Ba a zagin wanda ya ja. Ga kuma alkawarin da aka rubuta cewa ba za a rage ma'aikata ba sai in kamfanin kansa na cikin haɗari. A 1988 kasuwa ta faɗi har masana'antar ta koma aiki da kusan kashi 60 cikin 100 na ƙarfinta, ba a sallami kowa ba, aka tura waɗanda ba su da aiki horo da gyaran tsari. Daga nan ma'aikaci ya san in ya kawo dabarar da ta rage aiki, ba kansa ya haƙa wa rami ba.

Ɓangaren da ya fi ba ni tausayi shi ne abin da ya biyo baya. General Motors ta shiga haɗin gwiwar ne don ta koya, ga makarantar a cikin gidanta, amma ta shekara fiye da goma tana fama kafin darasin ya bazu. Manajoji suna zuwa ziyara, su zaga, su ɗauki hotuna, su koma su kwaikwayi abin da ido ya gani. A masana'antarta ta Van Nuys an gwada tsarin, bai kama ba, aka rufe ta a 1992. Ana iya rataya igiya a yini ɗaya, amma manajan da ake auna shi da yawan motocin da suka fita ƙofa ba zai so a ja ta ba. Ka ga kuɗin dozin ke nan ya sake fitowa, wannan karon a ofishin manya. Injin da ka sayo shi ne ɓangaren da ido ke gani a abin da aka nuna muku a bita. Yadda ake biya, da wanda ke da ikon cewa a dakata, da abin da ke samun wanda ya kawo labari mara daɗi, su ne ba a sayarwa tare da inji.

Wannan ya shafi abu na biyu da ka koyo, wato kama aibi kafin ɗinki. Tambayi kanka tsakani da Allah: ranar da yaro ya zo ya ce Alhaji na ɓata fata, me ka yi? In tsawa ya sha ko an cire a kuɗinsa, to ka koya wa duk masana'antar cewa aibi ɓoye shi ake yi, a tura wa na gaba. Mai ɗinki ma da ake biya da dozin ba zai dawo da gunduwa mara kyau ba, don dawowar tana rage masa ƙidaya kuma tana haɗa shi faɗa da mai yanka. Sai ka ware wurin ajiye duk gunduwar da aka ƙi, a ƙidaya wa mai ɗinkin da ya kamo ta kamar ya ɗinka, kuma a watannin farko kada a ci tarar kowa a kan abin da aka kamo kafin ɗinki. Tara ta tsaya a kan abin da aka ɓoye har ya kai hannun mai saye.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai da awo, kuma a nan ne nake ganin ƙananan masana'antunmu suka fi rauni. Masu yanka sun ce injin ba ya rage komai, kai ka ce yana ragewa. Wa ya san ƙafa ko yadi nawa dozin ɗin samfur kaza yake ci kafin zuwan injin? In ba a taɓa rubutawa ba, musu ne kawai, kuma a musun yanka mai yanka ne zai yi nasara. Tun 1990 masana biyu, Cohen da Levinthal, suka nuna cewa kamfani yana iya ɗaukar sabon ilimi ne gwargwadon abin da ya riga ya sani mai alaƙa da shi. Wanda bai san ɓarnarsa ba, ba shi da inda zai rataya ilimin rage ɓarna.

An gwada wannan a masaƙun da ke kewayen Mumbai a Indiya, kamfanoni 17 masu masana'antu 28, kowane kamfani da ma'aikata ɗari zuwa dubu. Masanin tattalin arziki Nicholas Bloom da abokan aikinsa suka sa ƙwararru su koya musu abubuwa 38, kuma in ka ji su sai ka ce ai kowa ya sani: a rubuta aibin kowane yadi da irinsa kullum, a zauna a duba, a san zaren da ke sito da inda yake, a duba inji kafin ya lalace, a share ƙasa. Wasu masana'antun an yi musu bincike na wata ɗaya an ba su shawara an tafi. Wasu kuma ƙwararrun sun ƙara wata huɗu suna tsaye a kansu har aka aiwatar. Waɗannan na biyun abin da suke fitarwa gwargwadon ma'aikata da injunan da suka sa a aiki ya ƙaru da kashi 17 cikin 100 a shekarar farko. Da yawa cikin masu masaƙun sun taɓa jin waɗannan abubuwa, sun dai ɗauka a wurinsu ba za su biya ba, don a ganinsu kayansu ba su da wata matsala. Sai da aka fara rubutawa suka ga girman abin da ke zuba.

Masanan sun koma a 2017 suka tarar an watsar da kusan rabin abubuwan da aka ɗauka, ko da yake masana'antun da aka tsaya a kansu har lokacin suna gaba da sauran. Manyan dalilai biyu da aka ba su: manajan da ya koya ya bar aiki, kuma masu kamfanin ba su da lokacin bibiya. Wannan na biyun naka ne, Alhaji. Kai ne mai sayo fata, kai ne mai karɓar oda, kai ne mai bin bashi. Yara suna karanta abin da ya dame ka daga tambayar da kake yi in ka shigo. In kullum "dozin nawa aka fitar?" ce, sun san sauran zance ne. Sabon tsari yana bukatar mutum ɗaya da aka ɗora wa shi da suna, aka ba shi iko, da kuma kwata ɗaya ta lokacinka kowace safiya a gaban littafin awo, aƙalla na wata uku.

Ina kuma so ka bar ƙofa a buɗe cewa a wani ɓangaren masu yankanka suna da gaskiya. Ƙarfen yanka ya fi biya a kan abu mai shimfiɗa iri ɗaya, kamar fatar roba da soso da tafin takalmi, da kuma siffar da ake maimaitawa da yawa. Fatar dabba kowace da halinta: ga tabon kaska, ga shaidar wuta, ga inda wuƙar fiɗa ta zame, ga inda take miƙewa. Gwanin wuƙa yana kauce wa waɗannan da ido da yatsa, kuma wannan ilimi ne da bai kamata ka wulaƙanta ba. Haka nan in odarka ƙanana ce kuma samfur yana canjawa kowane wata, kowace lamba tana son ƙarfenta, kuɗin ƙarafuna na iya cinye abin da aka tsirar. Ga wuta, ga kayan gyara. Mai yiwuwa injin na tafi da madauri da shafin ciki ne, fuskar fata mai tsada ta zauna a hannun mai wuƙa. Kamfanin da ya iya ɗaukar ilimi yakan tankwara shi ya dace da aikinsa, kuma masu tankwarawar su ne waɗanda hannunsu ke kan aikin.

Hanyar rabewa ita ce gwaji a fili. Ka tuna yadda buhun nan na ajiyar wake mai ninki uku da ake kira PICS ya shiga ƙauyukan Najeriya da Nijar daga 2007. Ba a tsaya ga gaya wa manomi cewa wake zai zauna ba magani ba ƙwari ba. An zuba waken mutanen gari a buhu a gabansu aka ɗaure, bayan watanni aka tara jama'a aka kwance, kowa ya sa hannu ya duba. Gani ya kori ji. Kai ma zaɓi samfur ɗaya da kuka fi yi, a auna fatar da yake ci da wuƙa na mako biyu, a rubuta. Sannan, bayan babban mai yanka ya saba da injin kuma kuɗinsa na lamunce, a yi wani mako biyu da inji, shi da kansa yana riƙe da littafin. A ajiye guntayen kowane ɓangare a buhu daban a ɗora a sikeli. Ka faɗa tun farko cewa abin da awo ya nuna shi za a bi, ko da ya nuna cewa a wannan samfurin wuƙa ta fi. In ka cika wannan sau ɗaya, gwaji na gaba su za su kawo maka shi.

Saura tsoronka na koya wa mutum ya tafi. Wasu za su tafi, ba zan ɓoye maka ba. Cikin mutum 130 ɗin nan na Desh, kusan 115 sun bar kamfanin a shekarun 1980, suka buɗe nasu ko suka shiga wasu. Duk da haka abin da Desh ke fitarwa ya tashi daga riga 43,000 a 1980 zuwa miliyan 2.3 a 1987, don ilimin ya riga ya zauna a tsarin aikinsa, bai tsaya a kan mutum ɗaya ba. Abin da ke hannunka ke nan. Kada injin ya zama sirrin mutum guda, a sami aƙalla uku da suka iya. Tsarin jera ƙarfe na kowane samfur a zana shi a kwali, a rubuta awonsa da boko ko ajami, yadda duk suka fi karantawa, a rataye a jikin bango kusa da injin. Wanda ya ƙara iyawa kuɗinsa ya ƙaru a wurinka, kada ya zama sai ya fita zai ga amfanin abin da ya koya. Wanda kuma lokacin yayensa ya yi, ka yaye shi da hannunka da albarka kamar yadda iyayen gidanmu suka saba. Yaron da ya buɗe nasa shago ba zai iya sayen inji a shekarunsa na farko ba, kuma in kun rabu lafiya wurinka zai riƙa kawo tafi da madauri a yanka masa ya biya, a sa'o'in da injin ba ya aikin odarka.